Tambaya da Amsa: Ba a Yi Ruwa Ba, Amma Kogi Ya Shigo Mana Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu yana kusa da kogi. Bana ruwa ya shigo mana cikin dare, alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama a wajenmu ba. Daga ina ya fito? Kuma yanzu da ya janye, shike nan mun tsira? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya kiyaye na gaba.

Ruwan da ya shigo muku a wani wuri ya sauka. Kogi yana tara duk ruwan da rafuka da ƙoramu suka gangaro da shi, wani lokaci daga nisan ɗaruruwan kilomita, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso. Dubi Masar. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, amma shekaru dubbai Kogin Nilu yana cika yana malala duk shekara saboda daminar tsaunukan Habasha, har sai da aka kammala madatsar Aswan a 1970.

Idan aka yi marka, ƙasa takan ƙoshi ta daina shan ruwa, sai duk abin da ya sauka ya nufi kogi kai tsaye. Sare itatuwa da shimfiɗa siminti da kwalta suna ƙara masa gudu, yashi da laka kuma suna cike cikin kogin har ya kasa ɗaukar abin da ya saba ɗauka. Sannan ga madatsun ruwa: idan suka cika dole a buɗe su, in kuwa suka fashe abin ba kyan gani, kamar yadda ya faru a Derna ta Libiya a Satumbar 2023, inda madatsu 2 suka ɓalle, dubban mutane suka rasu. Ɗumamar yanayi ma na da hannu, domin duk ƙarin digiri 1 na zafi yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100.

Tambayarki ta biyu ta fi damuna, kuma amsarta ita ce a'a, da saura. Ambaliya takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa, yara ƙanana kuma su ne suka fi faɗawa. Kududdufan da aka bari sukan zama matattarar sauro. A Pakistan a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, sannan zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kwantar da mutane watanni bayan ruwan ya wuce. Katangar da ta sha ruwa tana iya rushewa kan masu barci bayan kwanaki. Gonar da ta nutse kuwa, yunwarta sai gaba take bayyana, musamman in irin shuka ma ya tafi.

Ba na jin daɗin masu cewa "wa ya aike su zama bakin kogi?" Fadama ita ce ƙasa mafi albarka, can ake noma da su da kiwo. Abin da ya kamata a ba mutane shi ne gargaɗi a kan lokaci da wurin da za su fake.

Don haka ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa kulorin, kada a sha na rijiya sai an yashe ta an tsabtace. A kwana cikin gidan sauro. A sa magini ya duba gindin katanga, mai gyaran lantarki ya duba wayoyi kafin a kunna wuta. Ki hana yara shiga ruwa mai gudu, domin wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba. Ku yi alama a bango inda ruwan ya tsaya, ku riƙa ajiye takardu da magunguna sama da nan, kuma ku haɗu da maƙwabta ku nemi lambar masu kula da madatsa ko ma'aunin kogin da ke sama da ku tun kafin damina mai zuwa.