Ku Tambayi Kawu: Riga mai lamba 18 da gorin ƴan fada

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni tela ne a nan Tawa. Yayana da ke tuƙin mota a Shikago ya aiko mini da rigar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Chicago Bears mai lamba 18, ta Caleb Williams, ya ce wannan yaron ne zai fitar da su kunya. Tun daga nan na kamu da kallon ƙwallon Amurka a waya, har ƴan fadarmu suna kirana Ba'amurke. Kakar 2024 ta ƙare, cikin wasa 17 mun ci 5 kacal. Yanzu ko shayi ba na sha cikin kwanciyar hankali, wai zakaran da aka zaɓa farko cikin sababbin ƴan wasan da ƙungiyoyi suka ɗauka a 2024 ya kasa cara. Shin yaron nan holoƙo ne, ko me ya kamata in sa rai da shi a kakar 2025?
Wani tela, daga Tawa

AMSA: Ɗana, kada ka yanka rigar nan ka yi tsumman goge keke da ita tukuna.

Na gane inda ƴan fadarku suka samo ma'auninsu. Ku mutanen Tawa, a garinku aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, kun saba da ɗan kokowa ya shiga fili shi kaɗai: in ya yi kaye nasa ne, in ya sha ƙasa ba shi da wanda zai ɗora wa. To kwatabak, wato mai jefa ƙwallo irin Williams, ba haka aikinsa yake ba. Shi ɗaya ne cikin mutum 11, kuma a gabansa akwai ƙarti biyar da ba su da wani aiki sai su zama masa katanga, su tare masu kawo hari na daƙiƙa biyu zuwa uku har ya hango wanda zai jefa wa. In katangar ta rushe, ko waye shi sai ya ci ƙasa.

Dubi abin da ya faru. A kakar 2024 an kayar da Williams da ƙwallo a hannu sau 68, babu wanda ya kai shi a duk NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Ka raba da wasa 17, sau huɗu ke nan a kowane wasa. Duk da haka ya jefa ƙwallon da ta ci yadi 3,541 (kai tela ne, ba sai na faɗa maka tsawon yadi ba), ya jefa ta ci maki, abin da suke kira tacdawun, sau 20, abokan hamayya kuma sau 6 kawai suka cafke masa. Wannan shidan shi ya fi burge ni. Sabon yaro da ake ta nausa haka, yawanci tsoro ke sa ya riƙa wurgi da ƙwallo duk inda ta faɗa. Shi bai yi ba. A cikin watan Nuwamba kaɗai an kori mai tsara masa wasa, sannan aka kori babban koci Matt Eberflus. Almajirin da aka canja wa malami sau biyu a wata ɗaya, ai ba a tambayarsa ko ya sauke.

Amma ba zan wanke shi tas ba. Wani kason kayen nan shi ya jawo wa kansa. Yana da halin riƙe ƙwallo yana zagaye yana neman abin al'ajabi, kamar yadda ya saba yi a jami'a. A nan kuwa masu binsa sun fi na can gudu da nauyi.

Ina jin abin da ya fi ci maka rai shi ne Jayden Daniels, wanda Washington Commanders suka ɗauka na biyu a shekarar, ya kai su ga cin wasa 12 har suka tsaya taki ɗaya kafin Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. Wasan da suka haɗu ranar 27 ga Oktoba na kalle shi a kan tabarma a tsakar gidana a nan Yamai, an ɗauke wuta, waya saura kaɗan ta mutu, dare ya raba. Bears na gaba, saura daƙiƙoƙi. Daniels ya yi wurgin a-mutu-ko-a-yi-rai daga tsakiyar fili, ƙwallo ta taɓa hannuwa ta faɗa wa nasu, aka tashi 18 da 15. Ƙarar da na yi sai da uwargida ta leƙo tana tambaya ko kunama ce. A lokacin wannan jifa Williams yana gefe yana kallo kamar ni. Daga ranar Bears suka jera faɗuwa goma, kuma a littafi duk sunansa ake gani.

Daniels tsuntsu ne daga sama gasasshe, ba a auna kowa da shi. Peyton Manning, wanda aka ɗauka na ɗaya a 1998, an cafke masa ƙwallo sau 28 a kakarsa ta farko, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta faɗi 13. Da shekara ta zagayo suka ci 13 suka faɗi 3. Patrick Mahomes kuwa a 2017 zaman benci ya yi yana koyo, wasa ɗaya ya buga, sai a 2018 ya jefa tacdawun 50. Shi ma Mahomes ɗin, ran da katangarsa ta raunana a Super Bowl na Fabrairun 2021, an lallasa su 31 da 9. Lambar zaɓe ma kada ta ruɗe ka: Tom Brady na 199 aka ɗauka a 2000, ya yi ritaya da kofi bakwai, JaMarcus Russell da aka ɗauka na ɗaya a 2007 kuma shekara uku aka sallame shi.

To me za ka sa rai da shi? Ni dai ba kofi ba. Bears sun ɗauko Ben Johnson, wanda ya tsara wa Detroit Lions hari, ya zama koci, sun kuma kawo sababbin mutum uku a tsakiyar katanga, ciki har da Joe Thuney da ya tsare Mahomes a Kansas City. Uzurin 2024 ya ƙare ke nan. Ka samu ɗan littafin awonka, ka ware shafi ɗaya, kowane wasa ka rubuta sau nawa aka kayar da shi. In jimillar ta sauko ƙasa da 40, cafkewar da ake masa kuma ba ta wuce goma sha biyu ba, a ganina yaron yana kan hanya, ko da wasa 8 ko 9 suka ci. In ka ga yana jefar da ƙwallo waje maimakon ya tsaya a danne shi, kada ka ji haushi, hankali ne ya fara shigarsa. In kuwa katanga ta gyaru amma har Disamba yana nan yana zagaye da ƙwallo a hannu, sai ka rubuto mini, ni da kaina zan taya ƴan fada yi maka gori.

Wasannin farko na kowace Lahadi yawanci suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogon Nijar a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 7 daga Nuwamba. Ka gayyaci mafi tsananin gori a cikinsu, ka ce masa ya bar kallon ƙwallo, ya zuba ido kan mutum biyar ɗin nan na gaba kawai. Shayin ranar kai za ka saya.