Tambaya da Amsa: Ƙusa, Kashin Ɓera da Ruwan Tanki a Wajen Gini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙusa ta soki wani leburana a ƙafa, muka zuba masa ruwan batir, jinin ya tsaya. Wasu sun ce sai an yi masa allura. Da gaske ne? (Birkila, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, allurar rigakafin tetanus ce, ciwon da ke sandarar da jiki, kuma yau za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Ana yawan ɗora wa tsatsa laifi, alhali ƙwayar tetanus a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ƙusa hanya kawai take buɗe mata. Raunin ƙusa bakinsa ƙarami ne amma da zurfi, iska ba ta shiga, irin wurin da ƙwayar take yaɗuwa ke nan. Ruwan batir, fetur, baƙin mai da toka duk lahanta nama suke yi, mataccen nama kuwa shi ke ƙara mata wurin zama. Abin yi shi ne a wanke raunin da sabulu da ruwa mai tsabta, a cire datti, a rufe da bandeji.

Tsayawar jini ba warkewa ba ce. Ciwon kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, ya fara da riƙewar muƙamuƙi da sandarewar wuya. Wanda bai taɓa yin rigakafi ba, za a yi masa allura yanzu, wata bayan mako 4, wata bayan wata 6. Wanda ya yi amma ya haura shekara 5, a ƙara masa ɗaya. Sannan a sa kafinta ya riƙa cire ƙusoshin katakon da aka kwance ko ya lanƙwasa su nan take, a kuma hana aiki da silifas.

Tambaya: Za mu cire silin ɗin wani tsohon gida, cike yake da kashin ɓera da na jemage. Yaya za mu yi? (Ɗan kwangila, Bauchi)

Amsa: Alhaji, kada kowa ya sa tsintsiya a busasshen kashin nan. Ƙurarsa ce haɗarin: fitsari da kashin ɓera na ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani, kashin jemage kuma na iya ɗaukar cutar da ke kama huhu. A buɗe ƙofofi da tagogi na rabin awa. A haɗa Hypo kashi 1 da ruwa kashi 9, a fesa har ya jiƙe, a bar shi minti 5, sannan a kwashe da shebur cikin leda a ɗaure. Masu aikin su sa safar roba da takunkumin N95. Ɗankwali ko rawani a hanci ba ya tare ƙurar nan yadda ya kamata. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako 3, musamman idan maganin maleriya bai yi masa aiki ba, ya faɗa wa likita aikin da ya yi.

Tambaya: Leburori na shan ruwan tankin da muke kwaɓa siminti da shi. Akwai matsala? (Mai gini, Maraɗi)

Amsa: Akwai. Bokitin da aka ajiye a ƙasa shi ake tsomawa a ciki, ta nan taifot da kwalara ke shiga. A ware jarka mai murfi ta ruwan sha, a tanadi masai da sabulu nesa da tankin. Tankin ma a rufe shi, ko a kwashe a goge kowane mako, domin sauro kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi daga ƙwai ya fara tashi, masu gadin da ke kwana a wurin kuma su ne yake fara ci.