Kujerar katakon da na tsinta a gwanjo, wai daga Norway take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Maigidana ne ya shigo min da wata kujerar yara ta katako daga wajen masu kayan gwanjo, an rubuta Stokke a jikinta, mai kayan yace masa wai 'yar Norway ce kuma sabuwarta tsada gareta sosai. Ni dai banga wani abin azo a gani ba, ko soso babu, katako ne zalla da wasu layuka da aka sassaƙa a gefe. Don Allah meye tarihinta, kuma ta cancanci kuɗin da aka kashe? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh gaskiya mai kayan nan bai yi wa maigidanki ƙarya ba, in dai yadda kika kwatanta ne to Tripp Trapp kika samu, ita ce kujerar da ta ɗaga sunan kamfanin Stokke a duniya.

Shi kamfanin an kafa shi ne a 1932 a yankin Ålesund, can yammacin Norway bakin teku, wani mai suna Georg Stokke ya fara shi, kuma da farko ba ruwansu da kayan yara, kujerun bas suke yi da kujerun zaman manya. Wannan yankin da ake kira Sunnmøre kusan sana'arsu kenan, ko kamfanin Ekornes mai kujerar hutun nan Stressless shima a nan kusa yake a Sykkylven, an kafa shi 1934.

Labarin kujerarki ya faro ne daga wani mai zana kayan ɗaki Peter Opsvik. Ɗansa yana ɗan shekara biyu, ya girmi kujerar jarirai amma kuma in an ɗora shi kan ta manya sai kiga haɓarsa ce take kaiwa bakin tebur, ƙafafu suna reto a sama babu inda zai taka, yaro yayi ta mutsu-mutsu ana masa faɗa wai baya zama waje ɗaya alhali ba laifinsa bane, ke ma in aka ɗora ki kan katanga ƙafarki na lilo minti goma bazaki yi ba kin fara juyi. Shine uban ya zauna ya zana kujerar da zata ɗago yaron zuwa tebur kuma ta ɗago masa ƙasa zuwa tafin ƙafarsa. A 1972 ta fito kasuwa, yanzu an sayar da sama da miliyan goma.

Waɗannan layukan da kika raina a gefe sune sirrin gaba ɗaya. Allo biyu ne da ita, ɗaya na zama ɗaya na ɗora ƙafa, kowanne ana zare shi a mayar cikin layin da ya dace da tsawon yaro. Ki zaunar da shi ki duba, gwiwar hannunsa ta zo daidai da saman tebur, tafin ƙafarsa ya kwanta sosai akan allon ƙasa, sannan a ɗaure kusoshin. Yana girma kina sauke allunan, har ranar da zaki ɗauki faffaɗan allon ƙafar ki mayar dashi wajen zama, ta koma kujerar babba. Katakonta mai tauri ne shi yasa kike ganinta a gwanjo da sauran ƙarfinta.

Opsvik ɗin nan bai tsaya nan ba, a 1979 ya fito da wata kujerar mai suna Variable Balans wadda ake ɗora ƙwauri akanta kamar mai shirin durƙuso, shi dama ra'ayinsa jikin mutum ba'a yi shi don ya sandare waje ɗaya ba. Daga baya a 2006 aka ware ɓangaren kujerun manya ya zama kamfanin Varier, Stokke ta riƙe kayan yara, sannan masu kamfanin NXC na Koriya ta Kudu suka saye ta daga hannun iyalan gidan.

Maganar ko ta cancanci kuɗinta kuwa, ni a ganina ya danganta da gidanki. In a tabarma kuke cin abinci kowa ya naɗe ƙafa, to wallahi matsalar da aka yi kujerar dominta baku da ita, ƙafar yaro tana ƙasa dama. Amma in kuna da tebur, ko yaron ya fara zaman rubuta aikin makaranta, zaki ga amfaninta sosai kuma ƙannensa zasu gaje ta. Abu ɗaya nake roƙonki tunda ta hannu ce, kisa a duba kusoshin da ƙarafan nan biyu da suka riƙe ta kar a samu wanda ya ɓace, kuma kar ki bar yaro yana tokare tebur da ƙafa yana turawa don zata iya kifewa ta baya. Jaririn da bai iya zama da kansa ba kuma kar a ɗora shi, wanda ya fara zama ma sai da abin tare gaba da baya wanda ake sayarwa daban.