Amsa: Kwamfuta za ta cinye aikin akanta?

Malam, ka tambaya ko ka bar yaronka ya karanta akanta tunda ana cewa kwamfuta za ta cinye aikin. Don Allah ka bar shi ya karanta. Ni a wani ƙaramin ofishin akantoci nake aiki nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, abin da ya mutu shi ne zaman kwafe rasit a babban littafi, wannan kam manhajojin lissafi irin su Excel da QuickBooks sun gama da shi. Amma tun da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta kawo TaxPro Max, shafin biyan haraji ta intanet, a 2021, masu zuwa wajenmu ƙaruwa suka yi, ga kuma sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Jiya ma wani Alhaji mai siminti ya shigo da rasitai cike da baƙar leda, banki na neman odit, wato binciken lissafin kuɗinsa, kafin su ba shi rance, to wace manhaja ce za ta zauna ta lallaɓa shi ta raba kuɗin shago da na cefane? Kuma odit sai da sa hannun mai lasisi. Yaron naka ya dage ya samu takardar shaidar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kwamfutar kuma ya kama ta tun yanzu.