Alamun gefen shafi, taswirar mai hadda

Ɗana, jiya muna dama tawada ka tambaye ni dalilin da ya sa na maido maka da fallen Alƙur'anin da ka rubuta, alhali ko harafi ɗaya ba ka kuskure ba, sai dai ka tsallake kumsa biyu, wato alamar cikar aya biyar, ka kuma sa alamar sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu, ƙasa da inda ya kamata. Ka ce ai waɗannan ado ne kawai. Matso kusa ka ji.

Mai hadda ba da kunne kaɗai yake riƙe karatu ba. Lura da gardi idan tilawa ta kakare masa. Zai runtse ido, ka ji ya ce, "Tana shafin dama, can ƙasa, dab da kuri." Wurin ayar yake fara gani, sannan lafazin ya sauko bakinsa. Shafin nan gari ne a wurinsa, alamun da muke zanawa su ne rijiya da masallaci da bishiyar kukar da ake yi wa baƙo kwatance da su. In ka gusar da su, ka ɓatar da mutum a cikin unguwarsu.

Shi ya sa magabata suka tsara komai. Izu 60, kowanne sumuni takwas, 480 ke nan, kowane da shaidarsa a gefe, ta rubu'i (kwatan izu) daban, ta nisfi (rabin izu) daban. Kumsa a kan aya biyar, kuri a kan goma. Haruffa da baƙi, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, don ido ya rarrabe su tun kafin harshe ya kai. Har kalmar nan guda da muke sa wa a ƙasan falle, wadda za ta buɗe na gaba, igiya ce: littafinmu ba a ɗinke yake ba, in iska ta watsa shi da ita ake mayar da kowane falle mazauninsa, mai karatu ma da ita yake tsallakawa.

Masu bugun Madina ma sun gane wannan. Shafi 604, galibi layi 15, kowane shafi ya ƙare da ƙarshen aya. Saboda haka ne malaman hadda ke hana yaro sauya bugu a tsakiyar hanya, ko da karatun ɗaya ne. Ni kaina na taɓa ɗaukar bugun da ban saba da shi ba, sai na ji ina lalube a cikin surar da na rubuta da ka sau da yawa.

Wanda zai sayi wannan rubutu wataƙila da shi 'ya'yansa za su yi hadda, hoton shafinka ne zai zauna musu a ka har tsufa. Ɗauko sabon falle, ka fere alƙalaminka. Ka ƙirga ayoyin tukuna, ka ɗiga wurin kowace alama, sannan ka tsoma ja.