Agogon Batir ko Mai Tafiya da Motsin Hannu?

Tambaya: Malam, ina sha'awar tara agogon hannu. A Gusau na ga Seiko 5 na gwanjo da sabon Casio. Wanne ya fi dacewa in fara da shi?
Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Malam, idan daidaiton lokaci kake nema, Casio mai batir ya fi, domin irin wannan agogo mai batir da ake kira quartz, wanda kamfanin Seiko ya fara sayarwa a 1969, kuskurensa 'yan daƙiƙoƙi ne a wata. Seiko 5 kuwa motsin hannunka ne ke ba shi ƙarfin tafiya, kuma yakan yi gaba ko baya da daƙiƙoƙi kowace rana, amma ga mai sha'awa ni shi nake fifitawa.

Kafin ka biya, ka girgiza shi a hankali, ka duba ko tsinken daƙiƙa yana tafiya sumul ba tare da tsayawa ba, sannan ka sa mai gyara ya buɗe bayansa, domin ana yawan musanya injin na gwanjo. Ka nemi a sabunta robar murfinsa saboda ruwan alwala da ƙurar hunturu.