Tambayoyi da Amsoshi: Wi-Fi Mai Lamba 5 da Tsawon Zango

Tambaya: Malam, na'urar Wi-Fi ta gidanmu tana nuna suna biyu, ɗaya 2.4G, ɗaya 5G. Abokina ya ce in koma kan na biyun, wai igiyarsa ta fi gudu a iska, kuma shi ne 5G ɗin da ake ta magana a kai. Amma da na shiga ɗaki sai ya yanke. Ina matsalar take?

Amsa: Matsalar tana wurin abokinka, wanda ya haɗa kuskure biyu a jumla ɗaya, kuma ya faɗe su da cikakken ƙarfin hali. Wannan tambaya ba ta daina zuwa mini, don haka yau zan tsaya a kanta.

Duk igiyar rediyo, ko ta Wi-Fi ce, ko ta waya, ko ta tashar FM, gudunta ɗaya ne a sarari, wato gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Abin da ya bambanta su shi ne sau nawa kowacce take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da hertz, sunan Heinrich Hertz, masanin Jamus da ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a shekarar 1887. Lambar 2.4 tana nufin kaɗawa biliyan 2.4 a daƙiƙa, lambar 5 kuma biliyan 5. Ƙa'idar ita ce, gudu daidai yake da yawan kaɗawa idan aka ninka shi da tsawon zango, wato nisan da igiyar take ci a kaɗawa ɗaya, kuma tunda gudun ba ya canzawa, duk lokacin da kaɗawa ta ƙaru dole zango ya gajarta. Idan babban mutum da yaro suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, yaron yana yawaita taku ne domin takunsa gajere ne, ba domin zai riga isa ba. Ka raba gudun hasken da biliyan 2.4, za ka samu zango mai tsawon santimita 12.5, ka raba shi da biliyan 5, za ka samu santimita 6 kacal.

Igiya mai yawan kaɗawa da gajeren zango ta fi saurin raunana idan ta ratsa bango, musamman na kankare mai ƙarfe a ciki, shi ya sa take yankewa da ka shiga ɗaki. Saurin sauke bidiyo da kake gani a kanta idan kana kusa da na'urar kuwa daga faɗin tasha yake zuwa. A ɓangaren 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a nan suke cunkushe, alhali ɓangaren 5 yana da sararin da zai ɗauki tasha mai faɗin megahaz 80, wato hertz miliyan 80.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, kuma masu ƙera na'urorin da suke rubuta 5G a maimakon 5GHz, wato gigahaz 5 ko hertz biliyan 5, suna da nasu laifin. 5G na kamfanonin waya yana nufin ƙarni na biyar na fasahar sadarwa, kuma yana aiki a kan yawan kaɗawa daban-daban, daga megahaz 700 zuwa gigahaz 3.5 har sama da gigahaz 24. Babu abin da ya haɗa shi da Wi-Fi ɗinka. Shawarata a kullum ita ce a raba sunayen biyu, a sa wa kowanne sunan da ba zai ruɗa kowa ba, a bar talabijin da kwamfutar da ke kusa a kan 5, a bar wayar da ke yawo cikin gida a kan 2.4, sannan a fito da na'urar daga bayan kabad a ɗora ta a wuri mai tsayi.

Tambaya: A tsohuwar rediyon mahaifina an rubuta mita 31 da mita 19. Mece ce ma'anarsu?

Amsa: Tsawon zangon ke nan. Mita 31 tana wajen megahaz 9.5, mita 19 kuma ɗan sama da megahaz 15. Lissafin nan na sama ne, ki ɗauki alƙalami ki gwada.

Tambaya: Abin sauraro na kunne mai Bluetooth yana sarƙewa duk lokacin da aka kunna na'urar ɗumama abinci ta makirowef. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Na'urar tana aiki a gigahaz 2.45, cikin ɓangaren da Bluetooth yake amfani da shi, kuma ɗan abin da yake yoyowa daga gare ta ya isa ya danne siginar. Ka matsa nesa da ita har ta gama.